Likkafani Mai Ƙulli Ɗaya

Ni ne na yi laifi, ba Baffanku Ilu ba. Na fara da wannan ne don kada ajali ya riske ni a tsakiyar takarda ku tarar da rabin magana. Kun taso kuna jin ana cewa ya taɓu. Wasu su ce aljanun Sham ne suka biyo shi, wasu ma su ce ba shi ba ne, wani abu ne ya dawo sanye da fuskarsa. Ina zaune a zauren gidana a unguwar Misfala ta Makka ake faɗin haka, ban taɓa buɗe baki na ce ƙarya ne ba. Na tuna kuna ƙanana, in mun bi ta ƙofar maƙabartar Ma'ala, sai ku ɓuya a bayan rigata don kada ya dube ku, ni kuwa a raina ina jin daɗin hakan. Karatuna bai wuce allo ba, sai ɗan rubutun da na koya da girma, don haka kada ku nemi gwaninta a nan. Ku nemi abin da ya faru kawai.

Mu biyu Inna ta haifa, Yaya Ilu da ni. Daga Gobir muka taso da ƙafa muna yara, za mu hajji. Babanmu bai iso ba. Zazzaɓi ya kayar da shi a daji tsakanin Chadi da Darfur, aka binne shi cikin tsohuwar rigar da ke jikinsa, domin duk ayarin ba mai farin ƙyalle ko kamu ɗaya. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma abin bai bar ta ba. Da muka zauna a Sudan muna tsinkar auduga a gonakin mutane, sai ta riƙa kalen abin da ya zube, ta gurje, ta kaɗa zare da hannunta. Shekara uku tana yi. Wani masaƙi Bakano ya saƙa mata likkafani uku. Ta ƙulla ƙulli ɗaya a gefen na Yaya Ilu, biyu a gefen nawa, nata ta bar shi ba ƙulli. Ta ce daga yau ba wanda za a sake rufewa da tsumma a gidan nan. Da su muka ƙetare teku a ƙaramin jirgin ruwa, ba takarda ba hatimi, ranar da muka iso Makka kuwa kafin mu nemi masauki sai da ta sa aka tsoma su cikin Zamzam.

Daga nan ma na samu sana'a. A lokacin alhazai kan sayi farin yadi a kasuwa su kawo a jiƙa musu da Zamzam, a shanya a kan tsakuwar filin Harami, su tafi da shi gida su jira ranarsu. Ni nake jiƙawa, in shanya, in ninke. Wanda bai ga filin nan da tsakar rana ba, ba zai gane ba. Mutane duk sun gudu inuwa, tantabaru ma sun yi shiru, sai fararen likkafanai jere a ƙasa, kowanne tsawon mutum, masu su kuwa suna can suna shan shayi. Rana tana busar da su kafin ka gama salati ɗari. Idon Inna ya mutu a shekara ta biyar da zuwanmu. Likkafananmu uku suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakinta, kowace Jumma'a da hantsi ta buɗe, ta shafa su, ta lalubi ƙulli, ta mayar.

Dole in faɗa muku wani abu da ku 'yan Makka ba ku sani ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce. Tun ina yaro har na girma ban taɓa jin kalmar Iliyasu ta fito daga bakin Inna ba. Sai dai ta ce mini “yayanka”. Ni kuwa sunana ba ya barin bakinta, Sani kawo ruwa, Sani rufe ƙofa. Duk da haka na sani, tun ina yaro na sani, wanda ba a kira ɗin shi ne a zuciya. Wannan ya zauna mini a rai shekara da shekaru ban san ya zauna ba.

Mutanenmu na da in sun sauke farali sun ziyarci Madina, burinsu su cika da masallaci na uku a Ƙudus. Inna ta yi wannan alkawari tun a Gobir, ga shi ido ya tafi. Yaya Ilu, wanda matarsa ta rasu tun a Sudan bai sake aure ba, ya ce zai je a madadinta. 'Yan shekaru ke nan bayan yaƙin farko na Falasɗinu, gari ya rabu biyu, amma masallacin yana hannun Larabawan ƙasar Urdun, ana zuwa. Ya sauka Jidda ya karɓi takardar tafiya a ofishin Ingila, tunda su ke mulkin ƙasarmu a lokacin. Ranar tafiya na ce masa ya ɗauki likkafaninsa, hanya ce.

Ya yi dariya ya ce, “Kai Sani, sana'arka ta cinye maka kai. Kowa ka gani sai ka auna tsawonsa da ido. Bar shi nan. In dai yana Makka, ai dole in dawo in same shi.”

Inna tana fuskantar bango ta ce, “Gaya ma yayanka Allah shi kai shi lahiya.”

Yana tsaye a gabanta, amma ni ta ba saƙon.

Ya isa, ya yi ziyara, guzuri ya ƙare. Larabawan can suna son ɗaukar mutanenmu gadi saboda amana, sai ya samu aikin gadin gonakin zaitun a wani ƙauye da ke bakin iyaka, yana tara na mota. Sau biyu ya aiko da saƙo ta hannun alhazai, har da sabulun man zaitun na Inna. Ba ta taɓa wanka da shi ba, sai dai ta shinshina.

A ƙarshen kasuwar Misfala akwai wani gidan gahawa mai rediyo. Wata ranar da la'asar na zo wucewa na ga mutane tsaye cirko-cirko, ba mai kurɓar shayinsa. Aka ce sojojin Isra'ila sun ƙetara iyaka da dare sun shiga wani ƙauye, sun rushe gidaje da nakiya da mutane a ciki, wai ramuwa ce kan wasu da suka tsallaka wajensu suka yi kisa. Mai rediyo ya faɗi sunan ƙauyen. Shi ne sunan da ke cikin saƙon Yaya Ilu. Ba zan rubuta shi ba, har yau bakina ba ya son sa. Kwanakin da suka biyo baya rediyo ba ta da wata magana. Manyan ƙasashe sun zauna sun yi Allah wadai. Urdun ta kai ƙara, Isra'ila ta ce ita aka fara taɓawa. Turawan da aka ajiye su sa ido kan iyakar suna ta rubuce-rubuce, wannan ya fita daga zaure, wancan ya ƙi zama. Larabawa kuma suka juya kan Ingila, domin hafsoshinta ne ke riƙe da sojan Urdun, kuma ba a kai wa ƙauyen ɗauki ba sai da gari ya waye. Mu da muke wanke likkafani da ɗaukar ruwa, me ya haɗa mu da zauren manyan ƙasashe? Amma kafin wata ya mutu zafin ya iso lungunmu. Aka fara cewa akwai 'yan leƙen asiri cikin baƙi. Askarawa suka fara tare Takari, wato mu baƙaƙen yamma, suna tambayar takarda. Mai takardar Ingila a yi masa kallon tuhuma, marar takarda a kai shi Jidda a sa a jirgi. Ni ba ni da ko ɗaya. Ina da makauniyar uwa, da mahaifiyarku Hajara da jinjiri a bayanta.

Wani direba Basham da ya kawo kaya ya ce ya ji akwai baƙin mai gadi cikin waɗanda gini ya danne. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ji. Ni kuwa na kama maganar da hannu biyu. Na lissafa a raina cewa gidan da yake da mutum a bakin iyaka za a zo a yi masa tambayoyi, gidan da aka yi mutuwa kuwa gaisuwa ake zuwa yi. Na je wurin malamin unguwarmu na ce a yi wa Yaya Ilu salla.

Ya ce, “Malam Sani, ina gawar? A mazhabarmu ba mu sallatar wanda ba mu gani ba. Kuma saurin me kake? Ka jira alhazan bana su zo mana.”

Ban jira ba. Na nemi wani limami Bayamane wanda a wurinsu ya halatta, ya yi salla ba gawa a gaba, sahu uku muna kallon ƙasa wayam. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, Hajara ta daka gumba aka raba gida-gida. Inna ba ta yi kuka ba. Mata suka ce kunyar ɗan fari ce, ni ma na ce haka ne, ta haƙura. Sai dai ba ta taɓa gumbar ba. Ranar Jumma'ar da ta biyo bayan arba'in ta kira ni ɗakinta, akwati a buɗe.

Ta ce, “Sani, kawo hannunka. Taɓa wanga.”

Na taɓa nawa, mai ƙulli biyu. Da ɗumi, kamar kowane zane a Makka. Na taɓa nata, haka. Ta ɗora hannuna a kan mai ƙulli ɗaya. Sanyi ƙalau, kamar yanzu aka tsamo shi daga rijiya, alhali a bushe yake.

Na ce, “Inna, shi ne a ƙasa, kusa da randa.”

Ta ce, “Shi ne a sama.”

Ta rufe akwati.

Wata biyar bayan haka Shehun Takari ya aiko kirana. Shi ne dattijon da hukuma ta ɗora a kan al'amuranmu, haifaffen Makka, iyayensa Katsinawa. Na same shi da hantsi tare da wani magatakarda Balarabe daga Jidda, da takarda mai hatimi da yawa a gabansu.

Shehu ya ce, “Zauna ya Sani. Wannan takarda ta fi ni yawo. Kowa ya taɓa ta sai ya ji zafi ya miƙa wa na gaba, yau ta ƙare a kaina.”

Ya yi mini bayani a hankali. An tono wani mutum da rai daga ƙarƙashin gini a ƙauyen nan bayan kwana biyu. Baƙi ne, takardarsa ta ƙone. Ya ce sunansa Iliyasu, yana da uwa da ƙane a Misfala. Da farko Urdun ta so ta kai shi gaban Turawan sa ido ya faɗi abin da ya gani. Sai Isra'ila ta ce ai irin waɗannan baƙin ake haya su tsallaka su yi ɓarna, ga hujja ta fito. Nan take shaida ya zama kaya. Urdun ta ce ɗan Ingila ne, Ingila ta zo ta ɗauki abinta. Ingila kuwa ana jifan ofishinta da duwatsu, ba ta son a ji tana da mutum a bakin iyaka, ta ce ba ta san shi ba sai an kawo shaida. Hukumar nan ta ce in yana da ɗan'uwa da zai shaida shi ya tsaya masa, a sako shi ya taho. Amma wanda ya tsaya masa, za a bincike shi, shi da gidansa.

Magatakarda ya turo mini hoto. An aske masa kai, an ba shi allo mai lamba ya riƙe a ƙirji, idanunsa a buɗe kamar bai ƙifta ba tun ranar. Kun san zanen da ke fuskata, bakwai a wannan kunci, shida a wancan. Nasa ma haka, sai dai a kuncin hagu zane na uku ya katse a tsakiya. Babanmu ya sha ba mu labari cewa atishawa Yaya Ilu ya yi ranar suna, askar wanzami ta goce. Idona bai sauka ko'ina ba sai a kan wannan katsewar.

Magatakarda ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce da Larabci, “Fuskarku ɗaya.”

Na ce, “Duk Bagobiri haka yake. Shiga kasuwa yanzu in nuna maka goma.”

Shehu ya juya harshe zuwa Hausa, ya rage murya. “Sani, wannan ba ya jin Hausa. Daga ni sai kai sai Allah. Sake dubawa. In tsoro ne, zan yi iyakar ƙoƙarina, ko da yake ban yi maka alkawari ba.”

Na sake dubawa. Na ce, “Allah gafarta Malam, yayana ya rasu. An yi masa salla. Kai ma an kawo maka gumbar arba'in.”

Shehu ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce wa magatakarda ya rubuta: ɗan'uwan ya ce Iliyasu ya mutu, wannan ba shi ba ne. Aka kama babban yatsana aka dangwala a tawada aka danna.

Tawadar ta ƙi fita. Na goge da ƙasa, na goge da toka da lemun tsami. Washegari ina ninke likkafanin wani alhaji Bajawe, mutumin gabas mai nisa, sai ga shatin yatsana a gefensa, shuɗi. Na mayar cikin Zamzam na cuɗa har ya ɓace, na shanya, yana bushewa ya dawo. Sau uku. Ban ce muku wata aya ba ce, tawadar hukuma haka take. Amma ina tsugune ni kaɗai a tsakiyar fararen zannuwan nan, rana a kaina, ina ta kallon shatin yatsana. Da na koma gida Inna ta kama hannuna za ta tashi, sai ta kai shi hancinta.

Ta ce, “Hannunka na warin ofis. Mi aka ce?”

Na ce, “Ba komai Inna, sunayen mutanen unguwa ake rubutawa.”

Ta saki hannun.

Daga ranar na tsani akwatin nan. Kowace Jumma'a in na ji ƙarar murfinsa sai in fice daga gidan. Na ce a raina muddin zanen nan yana gidan, maganar ba za ta mutu ba. Hajjin shekarar ya faɗo cikin tsananin zafi. Da za mu fita Mina aikin alhazai, na faki idon da ba ya gani na zare mai ƙulli ɗaya, na sa yadin kasuwa a wurinsa, har na ƙulla masa ƙulli. A Mina rana ta kashe mutane da yawa. Akwai wani baƙin dattijo da aka tsinta a bayan tantuna, ba wanda ya san shi, ba wanda ya zo nemansa. Na ce ina da likkafani, sadaka. Da muka naɗe shi, tsawon ya yi daidai kamar an auna. Ina zuba ƙasa ina ce wa kaina, to yanzu an yi salla, ga kuma kabari, magana ta ƙare. Na yi wa bawan Allah sutura, amma ba don Allah na yi ba.

Ranar Jumma'a na laɓe a bakin ƙofa. Ta buɗe akwati, ta sa hannu. Yatsun da suka kaɗa zaren nan shekara uku, su zan ruɗa da yadin inji? Hannunta ya tsaya cak. Sannan ta ninke shi da kyau ta mayar, ta rufe. Ba ta tambaye ni ba, ba ta sake buɗe akwatin ba, ba ta kuma sake cewa Sani kawo ruwa ba. Hajara take kira. Ba ta kai wani hajjin ba. Ranar da za ta cika, da hantsi, ta ce a kira ni. Hajara tana riƙe da kanta.

Ta ce, “Ka naɗe ni da wanda ka sawo. Nawa ka aje ma Iliyasu.”

Hajara ta saki salati, domin ita ma ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba. Inna ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta.

“Iliyasu. Shina nan tahe.”

Matar da ta rantse ba za a sake rufe nata da abin da ba nasu ba, da yadin kasuwa aka rufe ta. Nawa mai ƙulli biyu yana kwance a akwati. Ina iya cewa a sa mata shi. Sai da muka baro Ma'ala tunanin ya zo mini, kuma ban tabbata da ya zo da wuri zan bayar ba.

Shekara uku suka wuce. Siyasa ta juya, Urdun ta sallami hafsoshin Ingila, aka buɗe ɗakunan da aka manta da su, aka kori waɗanda ba a san abin da za a yi da su ba. Kun san akwai ranakun da rana take tsayawa daidai kan Makka da azahar, har mutum ya rasa inuwarsa. A irin wannan rana ya iso. Lungu ba kowa. Hajara ta leƙa za ta zubar da ruwa ta ga mutum tsaye a ƙofa, ba sallama, ba motsi, ba inuwa. Ta yar da kwano ta kurma ihu. Matan maƙwabta suka leƙo, suka ga wanda suka ci gumbarsa, kowace ta ja ƙofarta tana neman tsari. Daga nan maganar aljanu ta samo asali. Na fito. Ya rame har zanen fuskarsa ya zurma.

Ya ce, “Sani. Ina Inna?”

Na ce, “Ta rasu, Yaya.”

“Ma'ala?”

“Ma'ala.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “An karanta mini takardarka. Sau uku na sa aka karanta, na ce ko tafinta ne bai iya ba. Suka nuna mini yatsan. Daga ranar masu gadi suka daina kiran sunana. In an kawo abinci sai su ce, a miƙa wa mamaci. Tun ina musu har na bari. Wani lokaci in zauna in ce, ƙila Sani ya fi ni sani, ƙila ban fito daga ginin nan ba.”

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi.

Ya ce, “Ban zo shiga ba. Wanda aka sallata ba ya komawa ɗaki. Likkafanina na zo ɗauka.”

Na ce, “Gara ta cinye shi.”

Ga amanar Inna a akwati, taku biyar daga inda nake tsaye. Amma in na miƙa masa zai lalubi ƙulli, ya tambaya, ni kuwa sai na faɗi duka. Ya dube ni irin kallon hoton nan, ya juya ya bi hanyar Ma'ala.

Can ya zauna tare da masu haƙar kabari, yawancinsu mutanenmu ne. Yana haƙa, yana kwana a rumfarsu. Takarda ba ta samu gare shi ba, domin duk ofishin da aka je sai a tarar an rubuta ya mutu, da shaidar ɗan'uwansa. In askarawa sun zo kame sai ya shige cikin kaburbura, ba mai binsa. Ni kuwa na samu iƙama, wato takardar zama, na gina soro, na haifi sauranku. Nakan aika masa da abinci ta hannun mutane, in ce wa kaina ai ina kula da shi. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba. Shehu ma bai faɗa ba. Shekara goma sha ɗaya ina bi ta ƙofar nan ina kawar da kai.

Abin da ya karya ni, wani mahaƙi ne Bazabarme da ya tare ni a kasuwa ya ce, “Alhaji Sani, yayanka ba lafiya, tari ya kama shi. Ya bar mana wasiyya wai in ya mutu kada mu wahalar da kowa, mu rufe shi da rigar jikinsa, haka aka yi wa ubansa.”

Ban iya kai kayan da na saya gida ba, a nan na bar su. Na wuce wurin Shehu, ya tsufa ƙwarai, na faɗa masa a gaban mutanen da ke zaurensa cewa shaidar da na bayar ƙarya ce. Ya ce, “Na sani tun ranar. Na yi ta roƙon Allah kada in mutu kafin ka zo.” Aka rubuta sabuwar takarda, na sake dangwala yatsan. Sannan na koma gida na buɗe akwatin.

Kun san cewa a ɗakin soron gidanmu ya ƙare kwanakinsa, wata huɗu, kun san da zanen da aka rufe shi. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya gudana ranar da na je ɗauko shi. Na same shi da la'asar a bakin rumfa, jingine da bango, mahaƙa uku suna zaune kusa suna gyara magirbi. Na ce su tsaya, ina son shaidu. Na ajiye zanen a cinyarsa. Sanyinsa ya ratsa hannuna tun daga gida. Ya shafa shi, ya bi gefe da yatsa har ƙarshe, ya sake bi.

Ya ce, “Ba ƙulli. Wannan na Inna ne. Da me aka rufe ta?”

Na faɗa masa. Na faɗi na Mina, na faɗi na yadin kasuwa, na faɗi abin da ta ce da za ta cika.

Ya ce, “Yaya ta ce? Yayanka ta ce?”

Na ce, “A'a. Iliyasu ta ce. Sau biyu.”

Ya kifa fuskarsa a cikin zanen. Tunda ya dawo ban ga kafaɗunsa sun motsa haka ba. Na durƙusa a kan tsakuwa, na cire hulata, na faɗa da ƙarfi yadda mahaƙan za su ji, da waɗanda ke kwance a bayan bangon.

“Yaya Iliyasu, ni ne Sani ƙanenka. Na gan ka a hoton nan, na gane ka tun kafin a ajiye shi a gabana, na ce ba kai ba ne. Tsoro ne, amma ba tsoro kaɗai ba, har da ƙyashin da na yi maka tun muna yara. Na sallace ka kana da rai, na ba wani likkafaninka, na hana Inna ta taɓa fuskarka, na bar 'ya'yana suna gudunka. Ba ka mutu ba, ba ka taɓu ba, ni ne na yi ƙarya. Don Allah, Yaya, ka yafe mini. Ka tashi mu je gida.”